Yadda Ɗan Wasa Zai Fitar da Abin da ke Zuci a Gaban Kamara

Matashin da ya tashi a Agege ko Idi-Araba, wanda sha'awar fim ta ja shi zuwa wurin gwajin 'yan wasa a Surulere, yakan ci karo da jarrabawa guda wadda ta kayar da mutane da yawa kafin shi. Za a miƙa masa takarda mai layi biyar ko shida, a ce masa a wannan fitowar an aiko masa da labarin rasuwar mahaifiyarsa, a ba shi minti biyu ya duba, sannan a kunna kamara. Abin da galibin masu koyo ke yi shi ne su yamutsa fuska, su ɗora hannu biyu a ka, su shiga matsar ido kamar mai matsar busasshen lemon tsami, kuma tun kafin su kai layi na uku darakta ya riga ya kai idonsa kan suna na gaba. Wanda yake son ya haye wannan siraɗi sai ya fara sanin yadda motsin rai yake aiki a jikin ɗan Adam, domin daga nan ne zai tantance abin da yake hannunsa da abin da ya fi ƙarfinsa.

Motsin rai, wato fushi da tsoro da baƙin ciki da farin ciki da danginsu, ba ya amsa kira kai tsaye. A ce kana cikin danfo a kan gadar Third Mainland, direba ya taka birki da ƙarfi, ka ji ƙarar taya a bayanku. Kafin ka gane abin da ya faru, gabanka ya riga ya faɗi. Akwai wani ɗan ƙaramin sashe a can cikin ƙwaƙwalwa da masana ke kira amigdala, ɗaya a kowane gefe, wanda yake cikin masu hango haɗari su kaɗa ƙararrawa. Daga nan jijiyoyin da ke aiki ba da izininka ba sai su kai saƙo ga wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuwa su zuba sinadarin adirenalin a cikin jini. Zuciyar da ke bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa sai ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, yawu ya ƙafe, tafin hannu ya jiƙe, tsigar jiki ta tashi. A cikin waɗannan, in ka cire numfashi, babu wanda za ka ba wa umarni ya bi. Abin da ke ƙarƙashin ikonka shi ne abin da ka sa a ranka, da yadda kake numfashi, da yadda ka riƙe jikinka, da abin da hannunka da bakinka suke aikatawa. Sana'ar ɗan wasa a kan waɗannan ta tsaya, sauran kuwa biyo baya suke yi.

A shekarar 1884 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka William James ya kawo wata magana da ta juya tunanin mutane. A ganinsa, jiki ne ke fara motsawa, kuma jin wannan motsi shi ne abin da muke kira tsoro ko baƙin ciki. Walter Cannon ya ƙalubalance shi a 1927, kuma har yau masana ba su rufe wannan muhawara ba. Amma a 1983 Paul Ekman da Robert Levenson da Wallace Friesen sun yi wani gwaji da ya shafi sana'armu kai tsaye, domin har da 'yan wasan kwaikwayo a cikin waɗanda aka gwada. An riƙa gaya musu su motsa tsokokin fuska ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an ambaci sunan wani motsin rai ba, har fuskar ta haɗu ta zama ta fushi ko ta tsoro, sai aka ga bugun zuciyarsu ya ƙaru, kuma a fuskar fushi har yatsunsu sun ƙara ɗumi. Ma'anar wannan ga mai koyo ita ce hanyar tana da baki biyu: ana iya shiga daga tunani a fito ta jiki, ana kuma iya shiga daga jiki a taɓa zuciya. Ɗan wasa mai hankali yana riƙe da su duka.

Fara da halin da mutumin yake ciki

Kafin ka tambayi kanka abin da ya kamata ka ji, tambayi kanka inda kake, da wanda kake tare da shi, da abin da ya faru awa ɗaya kafin wannan fitowar, da abin da kake nema a wurin wanda ke gabanka. Wannan shi ne tushen koyarwar Konstantin Stanislavski, wanda ya kafa gidan wasan kwaikwayo na fasaha a birnin Mosko a 1898 tare da Vladimir Nemirovich-Danchenko. Ya koya wa ɗalibansa su riƙa tambayar kansu: da a ce ni ne a cikin wannan hali, me zan yi? A lura da kalmar ƙarshe. Tambayar aiki ce, kuma ana iya amsa ta da hannu da ƙafa.

Mu ɗauki fitowar da muka fara da ita mu sa mata nama. A ce sunan mutumin Isiyaku, dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12, shekararsa biyu bai je gida ba, kuma tun watan jiya yake ɗaga tafiya yana cewa sai an sauke kayan wannan makon. Yana tsakiyar ciniki da wata mai gidan abinci a kan kwando uku, sai wayarsa ta yi ƙara. Ƙanensa ne daga ƙauyensu da ke Kano. “Yaya, sai dai haƙuri, Inna rai ya yi halinsa.” Ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An kai ta?” Ƙanen ya ce, “An kai ta bayan azahar.” Tsakanin Legas da Kano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, saboda haka ko da a tsaye yake a tasha ba zai riski jana'iza ba. Matar kuwa tana nan tsaye da kuɗi a hannu, ba ta jin Hausa, tana jiran ya faɗi farashi.

Yanzu me Isiyaku yake so a wannan minti? Yana so ya sallami matar nan ba tare da ya zubar da girmansa a gaban yaran da ke masa dako ba, ya sami inda zai zauna. Wannan shi ne abin da za ka yi wasa da shi. Ka mayar da waya aljihu, ka kasa samun bakin aljihun a karo na farko. Ka ƙirga canji, lissafin da kake yi kullum ido rufe ya kuɓuce maka, ka sake daga farko. Ka ce wa yaro ya ɗora mata kwandunan, muryarka ta fito ƙasa da yadda ka nufa. Idan ka ba wa waɗannan ƙananan ayyuka dukkan hankalinka, kana kuma riƙe da sanin cewa kai ne ka yi ta ɗaga tafiya, maƙogwaronka zai iya cushewa da kansa. Ko bai cushe ba, mai kallo ya riga ya ga mutumin da ke kokawa da kansa, kuma wannan kokawa ita ce ke sa shi ƙwalla. Mutumin da ke ƙoƙarin hana kansa kuka ya fi taɓa zuciya a kan wanda ke neman kukan da ƙarfi, kuma a rayuwa ma haka abin yake, domin babu mai karɓar labarin mutuwa ya zauna yana nema wa kansa hawaye.

Numfashi

Bayan ka fahimci halin, koma kan numfashi, domin yana cikin 'yan ayyukan da jiki ke yi da kansa waɗanda kake iya karɓar linzaminsu duk lokacin da ka so. Wata masaniya 'yar ƙasar Chile, Susana Bloch, ita da abokan aikinta sun fara nazari tun shekarun 1970 a kan yadda numfashi da fuska da tsayuwar jiki suke sauyawa a kowane motsin rai, daga baya ta mayar da abin hanyar horar da 'yan wasa mai suna Alba Emoting. A baƙin ciki, mutum yana jan iska ta hanci a gutsuttsure, ya sake ta da tsawo ta baki, jiki ya saki, kai ya sunkuya. Wannan ita ce shessheƙa da ajiyar zuciya da kowa ya sani. A fushi, iska tana shiga tana fita ta hanci da ƙarfi, leɓe a matse, jiki ya karkata gaba, abin da muke cewa mutum yana huci. A tsoro, ana fizgar iska ta baki a riƙe ta a ƙirji, ido a buɗe, jiki ya ja baya. Dariya kuwa baƙin ciki ce a juye: a ja iska sau ɗaya, a sake ta a gutsuttsure. Tausayi da ƙauna irin ta uwa ga ɗanta suna zuwa da numfashi mai tsawo, a natse, ta hanci.

Ka gwada kowanne a zaune, na daƙiƙa 30 kacal a farko, sannan ka tsaya ka saurari jikinka. Idan ka ji jiri ko yatsunka sun fara tsattsafa kamar ana tsira musu allura, ka yi yawa, ka dakata har numfashinka ya daidaita. Mai ciwon asma ko ciwon zuciya kada ya yi atisayen tsoro da na fushi sai da shawarar likita. Idan ka saba, sai ka rage girman abin har ya zama kashi ɗaya cikin goma na yadda ka fara, domin a gaban kamara ɗan tsinkewar numfashi a tsakiyar kalma ya wadatar. Isiyaku ba zai yi shessheƙa a tsakiyar kasuwa ba, amma zai iya jan iska sau biyu kafin ya iya furta farashin kwando.

Fuska, da dalilin da zai sa ka ƙyale ta

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma akwai gaskiya a ciki. A 1862 wani likitan jijiyoyi na Faransa, Duchenne de Boulogne, ya wallafa hotunan gwajin da ya yi yana taɓa tsokokin fuska da lantarki don ya ga abin da kowace take yi. Ya lura cewa murmushin jin daɗi yana motsa tsokar da ke jan gefen baki sama tare da wadda ta kewaye ido, har kumatu su ɗaga, gefen ido ya tattare, alhali murmushin dole yakan tsaya a baki. Mu da muke da kalmar yaƙe ba mu buƙaci lantarki ba kafin mu san wannan. Charles Darwin ya yi amfani da wasu daga cikin hotunan a littafinsa na 1872 a kan yadda mutane da dabbobi ke bayyana motsin rai, ya kuma yi dogon bayani a kan yadda bakin gira na ciki yake ɗagawa a baƙin ciki, motsin da mutane kaɗan ne ke iya yin sa da gangan. Likitoci sun san dalilin wannan bambanci: saƙon da ke motsa fuska da niyya da wanda ke motsa ta don an ji wani abu ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba. Shi ya sa ake samun mai shanyewar ɓarin jiki wanda idan aka ce ya yi murmushi gefe ɗaya ne zai motsa, amma idan aka ba shi dariya ta gaske sai bakin ya buɗe duka biyun.

Saboda haka madubi yana da amfani na mako ɗaya ko biyu, don ka san abin da girarka da leɓenka suke yi ba da saninka ba, musamman idan kana da ɗabi'ar ɗaga gira a kowace jimla. Bayan nan ka rabu da shi. Wanda ya saba shirya fuska a madubi yakan zo gaban kamara yana kallon kansa daga waje, hankalinsa ya bar abokin wasansa.

Akwai kuma wani dalili. Ekman, bayan binciken da ya yi a cikin al'ummar Fore ta Papuwa Niyu Gini a ƙarshen shekarun 1960, ya yi fice da ra'ayin cewa akwai fuskoki shida da duk duniya ke ganewa: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki. Amma a 2019 Lisa Feldman Barrett da wasu masana huɗu sun bi diddigin bincike masu yawa, suka nuna cewa sau da yawa mai fushi ba ya murtuke fuska, kuma sau da yawa wanda ya murtuke ba fushi yake ba, tunani kawai yake ko rana ce ta dame shi. A 2012 ma Hillel Aviezer da abokan aikinsa sun nuna wa mutane hotunan 'yan wasan tanis a daidai lokacin da suka ci ko suka faɗi. Idan fuska kaɗai aka nuna, masu kallo ba sa iya bambance mai nasara da mai asara, sai an haɗa da jiki. Masu shirya fim sun riga masana gano wannan. Kimanin shekara 100 da suka wuce Lev Kuleshov na Rasha ya haɗa hoton fuskar ɗan wasa guda, wadda ba ta nuna komai, da kwanon miya, da gawa a akwati, da wata mace, aka ruwaito cewa masu kallo sun ga yunwa da baƙin ciki da sha'awa a fuskar da ba ta sauya ba. Idan an riga an nuna wa mai kallo wayar da Isiyaku ya amsa, rabin aikin an gama maka shi, kuma idan ka ƙara yamutsa fuska a kai, gishiri ne ka zuba a miyar da ta riga ta ji.

Al'adar mutumin da kake kwaikwaya

A nan ne ɗan wasa Bahaushe da ke aiki a Legas yake da abin da zai kare. Ekman da Friesen sun taɓa nuna wa ɗaliban Amurka da na Japan fim mai tayar da hankali. Lokacin da kowa yake shi kaɗai, fuskokinsu sun yi kama. Da aka shigo da mai bincike ya zauna tare da su, sai 'yan Japan suka fi rufe damuwarsu da murmushi. Kowace al'umma tana da ƙa'idojinta na wanda zai nuna me, a gaban wa. Namu sun haɗa da kunya da kara da kawaici da haƙuri. Uwa Bahaushiya ta gargajiya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kuma idan ya dawo daga Ikko bayan shekara uku ba za ta rungume shi a gaban mutane ba. Za ta iya amsa gaisuwarsa tana kallon gefe, sannan ta tashi ta zuba masa fura da hannunta ta cika kwano har baki. A zaman makoki maza ba sa kururuwa, sai tagumi da jan carbi da amsa “sai haƙuri” sau ɗari. Budurwa a gaban surukarta takan sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi. Fushin dattijo kuwa sau da yawa ƙwafa ce guda da shiru.

Darakta wanda bai tashi a cikin wannan al'ada ba zai iya ganin wasanka ya yi sanyi, ya ce ka ƙara wuta. Kada ka yi masa gardama a gaban ma'aikata. Ka roƙi a ɗauka sau biyu, ɗaya yadda yake so, ɗaya yadda mutumin Arewa zai yi, ka kuma bayyana masa a taƙaice inda motsin ran ya ɓuya, a hannu ne ko a murya ko a abin da aka ƙi faɗa, don ya san inda zai kai kamara. Kawaici idan ba a ga abin da ake dannewa ba, fuskar katako ce kawai, don haka dole abin ya sami ƙofar da zai leƙo. Haka nan mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mu yi hattara. Salon wasansu yana da tushe a tsohon littafin Natyashastra, wanda ya tsara ɗanɗanon motsin rai guda takwas da irin motsin ido da gira da hannu da ke tafiya da kowanne. Ilmi ne mai zurfi a wurin masu shi, amma wanda ya kwafo zare ido da karkaɗa leɓe kawai ya ɗora wa dillalin tumatir, ya ɗauko riga ya bar mai rigar.

Tuna abin da ya taɓa samunka

Stanislavski a farkon aikinsa ya koyar da amfani da tunawa da wani abu da ya taɓa faruwa da ɗan wasa, kuma Lee Strasberg ya riƙe wannan ya gina koyarwarsa a kai a Amurka. Stella Adler, malamar 'yan wasa 'yar Amurka wadda ta je Faris a 1934 ta yi karatu a wurin Stanislavski kansa, ta dawo tana cewa malamin ya fi karkata ga tunanin halin da ke cikin labari da kuma aikin jiki. Ni a nawa ganin, mai koyo ya fara da hanyar Adler. Idan kuwa za ka yi amfani da tunawa, kada ka nemi baƙin cikin kansa, nemi ƙananan abubuwan da suka kewaye shi: ƙamshin turaren da ke ɗakin, launin bokitin da ke bakin ƙofa, ƙarar fanka. Ka zaɓi abin da ya daɗe har ya huce, kada ka taɓa mutuwar bara ko raunin da har yanzu yake hana ka barci, domin za a iya ɗaukar fitowa ɗaya sau goma sha biyar, kuma babu kuɗin da ya kai ka tone kabarin mahaifinka sau goma sha biyar a yini guda.

Kada kuma ka tsorata idan ka gama fitowa aka yaba maka alhali kai ba ka ji komai ba. Denis Diderot na Faransa ya yi wannan jayayya a wani rubutu da aka buga a 1830, bayan mutuwarsa, inda ya ce babban ɗan wasa shi ne mai sanyin kai da ke lura da abin da yake yi. Wata masaniya 'yar Holan, Elly Konijn, ta tambayi ƙwararrun 'yan wasa masu yawa a shekarun 1990, ta gano cewa abin da suka fi ji a kan dandali shi ne abin da ya shafi aikin kansa, kamar ɗoki da fargaba da tattara hankali, fiye da abin da mutumin cikin labari yake ji. Wannan fargabar ta tsayawa gaban kamara, da bushewar baki da rawar hannu, kayan aiki ce kyauta. Maimakon ka ɓoye ta, ka ba wa Isiyaku ita ya ƙirga canji da ita.

Hawaye

Na taɓa zama a wani rihaza da muka yi a ajin wata makarantar firamare a Agege, ranar Asabar da yamma, inda wani yaro ya fita waje kafin fitowarsa ya dawo ido jawur. Da aka fara, hawaye suka yi ta zuba, amma muryarsa garau take kamar mai karanta labarai, kafaɗunsa a miƙe, yana ta ƙifta ido saboda raɗaɗi. Da muka tsaya na ce, “Kai, me ka shafa?” Ya ce, “Malam, man zafi ne ɗan kaɗan.” Rabin awa muka yi muna wanke masa ido da ruwan leda. Hawaye iri uku ne: wanda ke jiƙa ido kullum, da wanda hayaƙi ko albasa ke jawowa, da na motsin rai. Na ukun ba ya zuwa shi kaɗai, yana tafe da sauyin numfashi, da cushewar maƙogwaro, da rawar murya, da yoyon hanci, domin akwai 'yar hanya da ke kwashe hawaye daga kusurwar ido zuwa cikin hanci. Waɗannan ne mai kallo yake karantawa, ko da bai san yana karanta su ba. Idan darakta ya nace sai an ga ɗigo a kumatu, masu kwalliya suna da abin da aka yi musamman don haka, kuma ba abin kunya ba ne a yi amfani da shi. Man zafi da barkono da sabulu kuwa ba su da wuri kusa da ido.

Abokin wasa da idon kamara

Motsin rai martani ne ga wani abu, don haka mafi yawan abin da kake buƙata yana wurin wanda ke gabanka. Sanford Meisner, malamin 'yan wasa na Amurka, ya ƙirƙiro wani atisaye mai sauƙi da za ku iya yi ku biyu a tsakar gida. Ku zauna kuna fuskantar juna, ɗaya ya faɗi abin da ya gani, misali “kana murmushi”, ɗayan ya amsa “ina murmushi”, ku yi ta maimaitawa ba tare da ƙoƙarin ƙawata maganar ba, har sai wani abu ya sauya a fuskar ɗayanku, sannan jimlar ta sauya. Minti goma a rana na wata guda zai koya maka sauraro fiye da haddar shafi hamsin. Ka haɗa da kallon mutane: a tashar motocin Arewa ka lura da yadda magidanci yake sallamar iyalinsa, abin da yake yi da makullin da ke hannunsa, da yadda yake juyawa tun motar ba ta tashi ba. Ka kalla da ladabi, kada ka ɗauki hoton kowa, ka rubuta abin da ka gani idan ka koma gida.

Girman wasan kuma ya danganta da inda mai kallo yake. A babban zaure irin na gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu, wanda ya karɓi bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, a 1977, na kujerar baya ba ya ganin girarka, sai ka sa abin a kafaɗa da tafiya da murya. Idan kuwa kamara ta matso har fuskarka ta cika allo, haɗiyar yawu ɗaya magana ce. Ka tambayi mai ɗaukar hoto iyakar inda hoton ya yanke kafin a fara. Ka kuma riƙe a ka daidai kalmar da ka mayar da waya aljihu a kanta da hannun da ka yi amfani da shi, domin za a sake ɗauka daga wani gefe, kuma mai tace hoto ba zai iya haɗa biyun ba idan sun saɓa. Kada ka ƙarar da kanka a ɗaukar nesa. Ka tambayi tsarin ɗaukar, ka adana ƙarfinka don ta kusa.

Fita daga ciki

Adirenalin ba ya sanin cewa darakta ya ce a tsaya, kuma jikin da ya yi awa uku yana huci zai iya kai wannan hucin cikin motar haya ko cikin gida. Bloch ta sa wa ɗalibanta ƙa'idar fita bayan kowane atisaye, kuma ya kamata ka mayar da ita ɗabi'a. Ka miƙe tsaye, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, ka kafa ido a kan wani abu da ke nesa daidai tsayin idonka. Ka ja iska ta hanci a hankali kana ɗaga hannuwa sama, ka ɗan riƙe, ka sake ta ta baki kana sauke su, aƙalla sau uku, kana barin fitar iskar ta fi shigarta tsawo, domin dogon fitar numfashi yana rage gudun zuciya. Sannan ka shafa fuskarka da tafin hannu, ka girgiza hannuwa da ƙafafu, ka yi magana da muryarka ta kullum. Ka cire rigar Isiyaku ka sa taka, ka wanke fuska ko ka yi alwala, ka sha ruwa, ka ɗan zauna da ma'aikata ana hira kafin ka nufi tasha. Idan ka ga bayan kwana biyu ko uku abin bai sake ka ba, barci ya ƙi, ko tsohon baƙin cikin da ka tono ya dawo sabo, ka ajiye hanyar tunawa gaba ɗaya, ka koma kan numfashi da aikin hannu, ka kuma sami wani babba da ka yarda da shi ko likita ka gaya masa.